Simintin da na yi wa zauren kakana

Har yau idan hadari ya haɗo ba na iya zama a shago. Sai in ja ƙofa, in bar masu ciniki tsaye a Kasuwar Libiya, in kama motar tsohuwar unguwarmu ta Omdurman, nan Sudan. Abokan kasuwa suna min tsiya wai na auri bango. Ba na musa musu.

Bangon na zauren kakana ne. Da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya zauna yana gini. Zauren nan kaɗai ya rage cikin aikin hannunsa: ginin ƙasa, rufin ɗaurin guga, a fuskarsa kuma zane mai tudu da ya murɗa da yatsunsa tun laka tana ɗanye. Babu irinsa a unguwar. A da, duk alhajin da ya ga zanen nan ya san ya iso ƙofar 'yan uwa, sai ya sauke kaya.

Kowace shekara kafin damina, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, takan tara mu a yi wa zauren zibala. Kashin jakai ne da na awaki, a kwaɓa da ƙasa, a rufe shi kwanaki ya ruɓe, sannan a shafe bango da tafin hannu. Wari kuwa sai wanda ya ji. Na tsani aikin nan, na tsani yadda mutane ke toshe hanci idan sun bi layinmu.

Shekarar da na buɗe shago, ina kuma neman aure a Khartoum, na ce surukaina ba za su zo su shaƙi kashin jaki ba. Na kawo magini da buhunan siminti, na sa ya lulluɓe zauren duka, ya bi zanen a hankali don ya riƙa fitowa. Gwaggo ta tsaya da sandarta tana kallo.

"Ya waladi, ɗana, bangon ƙasa numfashi yake yi," in ji ta. "Ka toshe shi, ruwan da ya shiga ta ina zai fita?"

Na ce mata ai ruwan ba zai ma shiga ba. Har dariya na yi, Allah ya yafe min.

Damina biyu lafiya lau. A ta uku aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Gidaje a unguwar Umbadda suka narke, layinmu ya zama rafi. Zaurenmu kuwa yana tsaye ƙyam, ni kuma ina yawo ina nuna wa mutane shi.

Kwana uku da ɗaukewar ruwa, da hantsi, Gwaggo ta fito tana ƙwanƙwasa bangon da sanda. Duk inda ta buga sai ya amsa kamar tulun da babu komai a ciki. Ashe ruwan ya bi wata 'yar tsaga a gindin indararo, ya kuma tsattsafo daga ƙasa, ya kwanta a bayan simintin ba hanyar fita. Ga wani hadarin yana taruwa. Idan bango ya zauna, rufin zai biyo shi, kuma babu mai rai a garin da ya iya ɗaurin guga.

Muka tokare rufin da itatuwa, maza suka hau fasa simintin da guduma. Ƙasar da ke ciki ta yi laushi kamar tuwo, yatsa yana nutsewa. Na kasa tsayawa wuri guda, in duba sama, in duba bango, in daka wa wanda bai yi laifi ba tsawa. Gefe uku muka buɗe wa rana. Saura fuska.

Ita na ce ba wanda zai taɓa sai ni. Na bi gefe da kurfi a hankali, ina addu'a. Simintin ya saki gaba ɗaya, falle guda, ya kife a ƙasa ya dare. Da muka juya gutsattsarin, zanen kakana yana manne a bayansu, jiƙaƙƙe, yana zubewa a hannunmu.

Na so Gwaggo ta zage ni. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi a je a nemo kashin jaki.

Hadarin ya watse bai zubo ba, bango ya bushe, rufin ya tsira. Da muka gama zibala na roƙe ta ta mayar da zanen, tunda shekara sittin tana shafa shi. Ta ɗora hannu a kan ɗanyen yaɓen, ta daɗe, sannan ta sauke.

"Hannuna ya san bin sa ne, ɗan nan. Bai san yin sa ba."

Fuskar zauren sumul take har yanzu. Ni nake shafe ta duk shekara.