Goron Roka Ya Zo Gidanmu

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sa'idu, kuma har yau idan tsofaffin ɗalibansa suka cika tsakar gidanmu a Salaga don yi masa addu'a, ni ce mai dafa musu shinkafa, ni ce kuma mai jin haushinsu. Suna zuwa da kyakkyawar niyya, wannan ba na musu. Amma da an shafa Fatiha sai su ɓarke da labari: ranar da Baba ya bi roka da gudu har hularsa ta faɗi, ranar da ya yi rawa a bakin gona. Baba da rawa! Ni da na girma a gabansa ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba sai in an tayar da salla. Kuma duk cikinsu ba mai ce masa Malam. Baba suke cewa, bakinsu ɗaya da nawa, ba ko kunya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin injiniya ne a jami'a, kuma shi ne ke shirya ƙungiyoyin ɗalibai don gasar harba roka. Ba rokar yaƙi ba, don sau da yawa sai ya tsaya ya yi wa mutane wannan bayanin. Abu ne dogo siriri da ya fi mutum tsayi, ɗalibai ke ƙera shi da hannunsu, su sa masa fikafikai da injin wuta da na'urar auna tsayi. Ana so ya kai tsayin da alƙalan gasa suka yanka, ya buɗe ƙaramar laima a can sama, ya buɗe babba in ya kusa ƙasa, ya sauko lafiya yadda za a iya sake harba shi. A ciki akwai ɗan garin albarushi da ke tura laimar waje. Wannan garin da injin su ne abin tsoro, don kuskure ɗaya ya isa ya raba yaro da hannunsa.

Saboda haka Baba ya ƙirƙiro wata al'ada da ba wanda ya sa shi. Ba ya barin ɗalibi ya taɓa wuta sai ya je gidansu da kansa. Zai sayi goro mai kyau a kasuwar Salaga, a naɗe masa a ganye, ya hau babur ko lori a lokacin dogon hutu, ya bi su gida-gida kamar mai neman aure. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya faɗi haɗarin abin ba tare da ya rage komai ba, sannan ya ajiye goron ya ce, "Ina roƙon aron ɗanku. In Allah Ya yarda zan dawo muku da shi da yatsunsa goma." In uba ya fasa goron ya ci, an ba shi. In an mayar masa da ƙunshin yadda yake, yaron zai tsaya a aikin lissafi da ɗinkin laima, kuma ba ya sake tayar da maganar. Bayan an gama harbi sai ya sake zagayawa da kowane ɗalibi, ya tsayar da shi gaban iyayensa ya ce ya buɗe hannu a ƙirga.

A Yendi ya taɓa wuni a zauren wani malami, ana karatu yana jira, har aka sallami masu ɗaukar darasi kafin a saurare shi. Wannan haƙurin duk saboda ɗan wani. Na san labarin ne don ni na wanke rigar da ya dawo da ita.

Ni kuwa lokacin ina gab da shiga jami'a, kuma ba yabon kai ba, lissafi bai taɓa ba ni wuya ba. A tabarmar gidanmu na koyi yadda ake gano inda nauyin roka ya daidaita, da dalilin da ya sa fiffike ɗaya in ya karkace sai duk abin ya yi ta juyi a sama. Baba kan miƙo mini aikin ɗalibansa ya ce, "Rahinatu, duba mini wannan." In duba, in mayar. Na ɗauka shiri ne yake yi mini. Ranar da na ce masa ina so in karanta injiniya in shiga ƙungiyarsa, sai ya ce, "To ke wa zan kai wa goro?" Na ce ya kai wa Mma mana, ai ita ta haife ni, ga ta nan a madafa. Bai yi dariya ba. Ya ce koyarwa ta fi dacewa da ni, ya tashi ya ɗauki buta.

Na lallashi kaina da cewa don ni mace ce. Wannan dalilin ya riƙe ni har zuwa damina ta gaba, lokacin da ya ɗauki goro ya tafi Bawku neman Adiza.

Adiza 'yar wani mai fataucin shanu ce, sa'ata ce, kuma ita ce yau ta gaji aikin Baba. Ita ta ba mu labarin da bakinta, tana kwaikwayon muryar mahaifinta da Hausarsu ta Bawku, wadda ba ta raba mace da namiji: "Malam, kai ka zo daga Salaga saboda wannan yarinya? Nan Bawku ba mu son abu da yake yi ƙara. Idan wuta ya ci shi, wa zai aure shi?" Baba ya amsa cewa ba za a kunna ko ashana a Bawku ba, filin gwajinsu yana can bayan Yendi, hanyar Saboba, inda manoma suka ba su wuri bayan girbi. Tsohon ya juya goron, ya juya, ya fasa. Kowa ya yi dariya da ta gama labarin. Ni na shiga ɗaki na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Ban taɓa taka wannan filin ba. Abin da na sani game da shi duk ji ne: yadda suke share ciyawa kewaye da wurin harbi don kada gobara ta tashi, yadda ba a sa wayar kunna wuta sai roka ya tsaya a kan ƙarfensa kowa ya ja baya, yadda suke bazuwa cikin itatuwan kaɗanya suna neman inda laima ta sauka. Su suka samu Baban da ke ihu yana tafi. Mu muka samu wanda ke dawowa a gajiye, yana warin gam, ya ci tuwo ya yi barci a kujera. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, kuma ko a gadon asibiti rabin masu zagaye da shi su ne.

Mutane da yawa sun gaya mini ƙauna ce ta sa ya hana ni. Mma ta faɗa, kawuna ya faɗa, Adiza ma ta taɓa gwadawa na katse ta. Na sani. Ba sai an fassara mini ubana ba. Amma sanin bai taɓa rage mini komai ba. Ina koyar da lissafi a sakandare a nan Salaga, ina son aikina, amma duk ranar da na zana wa yara layin da dutse ke bi in an jefa shi sama, sai abin ya dawo mini sabo.

Da zai dawo yau, ina jin zai sha mamaki. Ɗaliban Adiza suna da injin da ke fitar musu da kayan roka daga zanen kwamfuta, abin da shi yake wuni yana gogawa da hannu. Roka na sauka wayarsu na nuna musu inda yake, ba sai an yi ta tambayar masu kiwo ba. Suna tsayawa gaban alƙalan gasa ta bidiyo suna kare aikinsu da Turanci mai santsi. Na tabbata zai yi ta tsaki yana cewa sun samu sauƙi da yawa, sannan ya zagaya baya yana taɓa injin yana murmushi. Abu ɗaya ne zai tarar yadda ya bar shi. Adiza ba ta yar da goron ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutun ke nan. Bana, bayan an watse daga addu'a, Adiza ba ta bi sauran ba. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa gaban Mma, ta fito da ƙunshin ganye daga jaka. Autarmu Maimuna, wadda Baba ya bari tana firamare, yanzu tana shekara ta biyu a injiniya. Ni na saya mata littafin lissafi na farko, ni na raka ta jami'a, kuma ban san ta shiga ƙungiyar roka ba sai ranar.

Mma kuwa ta ƙi ko kallon goron. Ta ce, "Ba ni za ki ba ba. Ga wadda ta rene ta nan." Ta tashi ta bar mu, kuma na rantse da gangan ta yi.

Adiza ta juyo gare ni. "Sista Rahi, Maimuna ya iya aiki, hannunshi ba ya rawa. Mun gama da laima, yanzu saura wuta. Ina roƙon aro. In Allah Ya yarda zan dawo miki da shi da yatsu goma."

Kalmomin Baba ne, a bakin matar da ta samu abin da aka hana ni, tana roƙona in ba ƙanwata shi. Na ce ta bar goron zan yi tunani.

Ya kwana biyu a ɗakina, ina yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Maimuna ba ta roƙe ni ba, sai dai ta riƙa yi mini wanke-wanke ba a sa ta ba, abin da ba halinta ba ne. Ina kallon hannayenta cikin kumfa. Zan faɗi gaskiya, abu biyu ne ke cina kuma na kasa raba su. Akwai kishi tsagwaronsa: me ya sa ita? Akwai kuma wani abu da ban san da shi ba sai da ƙunshin ya zo hannuna. Ni na yanke wa yarinyar nan farce tana jaririya. Duk lokacin da na kai hannu zan kwance ganyen sai in ga ɗan yatsanta ƙarami, in janye hannuna. A nan na gane inda Baba ya tsaya ranar da ya ɗauki buta. Mai kai goro yana yin alƙawari ne ya tashi ya tafi da yaro. Mai karɓa shi ke zama a gida yana jira. Baba ya iya na farkon sarai, na biyun ne ya fi ƙarfinsa.

Na gane, amma ban yafe masa duka ba, kuma ba na so wata rana Maimuna ta zauna ta rubuta irin wannan a kaina. Na kira Adiza ta dawo. Na sa ta maimaita alƙawarin a gaban Mma, na ce kuma ranar harbi da ni za a je filin, in tsaya inda ake tsayar da baƙi. Ta ce, "Sista Rahi, tun da can wurinka yana nan." Na ce ta riƙe daɗin bakinta. Na fasa goron na ci. Ni ba mai cin goro ba ce, ɗacinsa har cikin kunnena.

In ana tambayar abin da ya rage na Malam Sa'idu, ɗalibansa za su ce rokoki, za su ce kofunan da ke ofis. Ni abin da na gani shi ne iyaye a Salaga da Yendi da Bawku waɗanda aka mutunta aka tambaye su kafin a kai 'ya'yansu kusa da wuta, da injiniyoyi da yawa masu cikakkun hannaye. Ba ƙaramin abu ba ne, Allah Ya sa ya tarar da shi a mizani, Ya haskaka kabarinsa.

Bayan girbi za su harba. In sun dawo, Adiza za ta tsayar da Maimuna a tsakar gida ta ce ta buɗe hannu, ni kuma in ƙirga. Nawa ba sai an ƙirga ba, Baba. Ga su nan goma cif yadda ka so, ko tabon gam babu.