Baba Tsatsa da Gadarsa

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana shafa wa gada ɗaya fenti. In ya fara daga bakin gabas, kafin ya kai na yamma an ci shekara biyu, gabas ta fara ɓarewa, sai ya dawo. Abokan aikinsa suka sa masa Baba Tsatsa, don ko ƙyauren gidan mutane ya ga ya yi ja sai ya sa farce ya kankara. Inna takan ce da yana da hali da mu ma ya shafe mu, mu daina tsufa.

Asalinta gadar jirgin ƙasa ce. Baba ya ce gunduwa-gunduwa aka kawo ta, kowane ƙarfe da lambarsa, kuma kakanmu yana cikin masu gasa ƙusoshi a wuta su miƙa wa masu duka tun suna jawur. Da jirgi ya daina zuwa aka cire layin aka shimfiɗa katako, motoci suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka gina ta siminti can ƙasa, ta ƙarfe ta zama ta masu ƙafa da keke da mata masu kai kaya kasuwa. A shekarar aka daina ba Baba fenti. Ya yi shekara huɗu yana zuwa aiki ba abin shafawa, sannan aka sallame shi.

Bai daina zuwa ba. Da safe zai ɗauki buroshin waya da 'yar guduma, da galan na baƙin man da ya roƙo a garejin makanikai. Yana bin ƙusoshin yana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya ƙararta tas take fita, matacciya kuwa sai ta amsa kamar an bugi tulu mai tsaga. Wannan sai ya zagaye ta da alli.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamare, don haka ni nake rubuta masa takardu zuwa ofishin ayyuka.

"Ki ce musu gindin ƙafar gada ta uku ruwa yana ci," zai ce. "Kada ki ƙawata, Malama. Yadda na faɗa."

Da kansa yake kaiwa. Ya zauna a bencin baranda ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, har masinja ya fito ya ce oga yana taro. Takarda goma sha ɗaya muka kai kafin aka turo injiniya.

A ranar, Baba ya sa rigarsa ta aiki, Inna ta goge masa ita. Na bi su, shi da injiniyan. Injiniyan mutumin kirki ne, ya bar Baba ya nuna masa komai, har ya karɓi gudumar ya gwada da kansa. Suka sauka ƙarƙashi, suka daɗe. Da suka hau, injiniyan ya cire hularsa yana share gumi.

"Baba, duk abin da ka rubuta gaskiya ne."

"To yaushe za a fara?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da zan rubuta shi ne a rufe ta. In na bar mutane suna bi bayan abin da na gani, alhakinsu yana wuyana."

"A rufe a gyara?"

Injiniyan ya kalli ruwa. "Zan rubuta a gyara. Amma ka san ba ni nake sa hannu ba."

Cikin mako biyu aka toshe bakunanta da kwano da waya. Matan kasuwa suka koma zagaye ta gadar siminti, tafiyar kusan awa guda da kaya a ka. Wata ta tare Baba a hanya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba, mun gode," da muryar da ba ta godiya ba ce. Ya dawo gida bai ci abinci ba.

"Da ban yi magana ba da har yanzu ana bi," ya ce mini.

Na ce da ta rufta da mutane fa? Ya ce ya sani.

Da ƙafar mutane ta ɗauke, masu tsintar ƙarfe suka samu sarari. Rana tsaka suke kwance ƙarafan gefen gadar. Wata mata daga hukumar adana kayan tarihi ta zo ta ɗauki hotuna, ta ce za a sa gadar a jerin abubuwan da ba a taɓawa. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Bayan damina biyu ɗan kwangila ya iso da takarda mai hatimi, an sayar masa da gadar a kilo.

Cikin waɗanda ya ɗauka yanka har da mai walda na bakin layinmu, abokin Baba tun suna samari. Ya zo har gida ya faɗa masa kafin ya fara.

"Tsatsa, in ban yi ba wani zai yi. Iyali gare ni."

"Je ka yi," in ji Baba. "Ka kula da idonka."

Baba bai je kallo ba ko sau ɗaya. Daga tsakar gidanmu ana jin faɗuwar ƙarafan, sai ya ƙara muryar rediyo. Da aka gama, mai walda ya sake zuwa, ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa.

"Yaya ka same ta?" Baba ya tambaya.

"Ƙasan ya ruɓe, kamar yadda ka ce. Amma saman, wallahi ta ba mu wuya. In ka yanka, cikin fari tas, kamar jiya aka ƙera. Da an canja ƙafa biyu, da jikokinmu sun bi ta."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce wa Inna ta kawo wa baƙo ruwa, shi kuma ya tashi ya shiga ɗaki.

Yanzu ginshiƙan dutse huɗu ne kawai a tsaye cikin kogin. Baba yana nan da ransa, gwiwa ta hana shi nisa. Watan jiya wasu ɗalibai suka zo suna son ya ba su tarihin gadar don aikin makaranta. Ya ce in faɗa musu barci yake yi.