Hannun da Na Gane

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma da rabi na safe, mako guda kafin jarrabawar zango na biyu. Mu uku ne a ofis: ni, da shugabar makaranta, da mataimakinta, wani mutumin Bungudu mai yawan barkwanci. Makarantar kuɗi ce ta 'yan mata a Damba, cikin Gusau, inda na koma koyar da lissafi bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati.

Shugabar ta miƙo mini ambulan. A ciki akwai takardun da ɗalibai suka rubuta ra'ayinsu game da koyarwata, sabon tsarin da ta shigo da shi a shekarar. A taron safe ta yi wa yaran alkawarin cewa ba za a sa suna ba, kuma babu malamin da zai san abin da wance ta rubuta.

"Baba Malam, don Allah a karanta da sanyin zuciya," in ji ta, kanta a ƙasa. Ni na koyar da ita tana yarinya.

Mataimakin ya ce, "Hajiya, karɓe jan biron nan tukuna, kada ya ba su maki."

Ban yi dariya ba. A makarantar mishan aka horar da ni, inda malami ne yake auna ɗalibi. A can kuma aka koya mana kyan rubutu da rula a kan yatsu, har na zama ba na manta hannun rubutun duk wanda na taɓa duba littafinsa. Wannan ne shugabar ba ta yi tunaninsa ba.

Yawancin takardun yabo ne na ladabi. Guda ɗaya ta ce: "Malam ya san lissafi ƙwarai. Amma in ban gane ba ina jin tsoron tambaya, sai in kwafe in yi shiru." Kafin in kai ƙarshen layin na san mai hannun. 'Yar Tsafe ce, mahaifinta ɗan kasuwar hatsi, tana zaune wurin gwaggonta a Gusau don karatu. Ita ce ta fi kowa a ajin kimiyya, kuma kowa ya san likita take so ta zama.

Washegari na shiga aji da takardar a aljihu. Na karanta ta da ƙarfi, sannan na taka har bencinta na ajiye ta a gabanta.

"Tashi. Ga ni, ga allo. Tambayi abin da ba ki gane ba."

Ta tashi. "Ba ni da tambaya, Malam."

"Da kika ɗauki biro kina da ita. Ina ta tafi?"

"Allah ya ba Malam haƙuri."

Minti biyar na tsaya ina duba agogona, ita kuma tana tsaye. Ban ɗaga murya ba, ban taɓa ta ba, na kuma fita ina ganin na yi adalci, tunda na ba ta damar da ta ce ba ta samu.

Da aka dawo hutu ta nemi a mayar da ita ajin adabi. Shugabar ta kira ni.

"Baba Malam, ta ce ra'ayinta ne kawai. Ko akwai abin da ya faru?"

Na ce ban sani ba. Ni da na yi shekaru ina sa yara durƙuso a kan ƙarya, a gaban ɗalibata ta dā na yi tawa, ta kuwa yarda domin ni ne na faɗa.

A ƙarshen zango na uku aka sake raba takardun. Duk wadda na buɗe, da manyan haruffa aka rubuta ta, wasu ma da hannun hagu, don kada in gane. Magana ɗaya ce: Malam ba shi da matsala.

Mataimakin ya leƙo ya ce, "Baba, ai ka ci zaɓe ba hamayya!"

Sau uku na rubuta wa yarinyar wasiƙar neman gafara, sau uku na yaga, domin kullum sai in ga jimlar ba ta zauna daidai ba. Ta huɗu tana nan cikin akwatina.

Ta gama makaranta a ajin adabi. Ban kai mata wasiƙar ba.