Ilun da Ya Bi Zakkarsa da Gudu

A Zoza idan ka ce Ilu, sai an tambaye ka wane Ilun, don suna da yawa. Amma idan ka ce Ilun da ya bi zakkarsa da gudu, an gama magana. Har amaren da aka kawo daga Beli bara sun san shi. Rannan an ga dattijo da furfura a gemu, takalmi ɗaya a ƙafa, hula a hannu, yana keta gari yana ihu, “Ku tsayar da buhun nan!” Mutum ya fitar da haƙƙin Allah da safe, kafin azahar ya bi shi zai ƙwato. Abin da mutane suka gani ke nan, ba su kuma yi masa ƙarya ba. Cikin buhun ne dai ba su gani ba.

Ilu manomin gyaɗa ne kamar mahaifinsa, ba ya faɗa, ba ya fashin jam'i. Abu ɗaya ya raba shi da sauran manoma, shi ne kaset. Tun yana saurayi yana zuwa cin rani Kano, abokansa su dawo da agogo ko yadin shadda, shi ya dawo da kaset ɗin waƙoƙin fim, na Indiya da na Hausa. Shi fim ɗin ma bai dame shi ba, da yawa bai taɓa kallonsu ba. Waƙoƙin yake so, a jere yadda aka tsara su, daga fuskar farko zuwa ta biyu, ba tsallake. Yakan kishingiɗa a tabarma bayan la'asar, rikoda a gefen kunne, ya ɗaga yatsa ya ce wa matarsa Barira, “Ji nan. Mai fiyanon nan bai karya ba ranar, ji saurin da yake yi.” Ita kuwa ta ce Allah ya ba shi abin karyawa, ta ci gaba da tankaɗe.

Babban maƙiyin kaset a ƙauye shi ne ɗakin kwano. Bazara guda ta lanƙwasa wa Ilu kaset masu yawa, mawaƙan suka koma jan murya kamar masu kuka a rijiya. Daga nan ya gano dabararsa: cikin buhun gyaɗa mai ɓawo akwai sanyi, babu kuma laima. Sai ya zaɓi manyan kaset ɗinsa, ya naɗe kowanne a ledarsa, ya binne su ɗaya-ɗaya a cikin gyaɗar. Duk kaka yakan juye tsohuwa ya zuba musu sabuwa. Barira tana kiransu baƙin Malam, ta ce a gidan nan su ake fara yi wa sabuwar shimfiɗa.

A cikin baƙin akwai guda da ya fi sauran. Ƙanwar Ilu, Jamilatu, ta yi zama a Kano wurin gwaggonsu kafin aure, wata maƙwabciya ta ja ta yin amshi a waƙoƙin wani fim. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, ba a ma rubuta sunanta a kwalin ba. Amma a waƙa ta biyu akwai inda sauran 'yan amshi suka yi shiru, muryarta ta fito ita kaɗai, siririya, da ɗan rawar nan ta mai jin kunya. Jamilatu ta rasu ba ta daɗe da aure ba, ko hoto mai kyau ba ta bari ba. Ilu ya nemi wani kwafin a Kano har ya gaji, babu. Masu ɗura waƙa a waya na Karaye sun ce ya bar musu kaset ɗin ya dawo gobe, ya ce ƙanwarsa ba ta kwana a shagon maza, ya mayar da abinsa aljihu.

To, gidansu Ilu suna da wata al'ada tun daga mahaifinsu. Buhun sayarwa ana ɗinke bakinsa da basilla. Buhun zakka kuwa ba a ɗinke shi, ɗaure shi ake yi da igiyar rama a jingine a zaure, kuma ba ya kwana a gida. Shi ma buhun baƙi ɗaure shi ake yi, tunda kullum ana buɗewa, sai dai shi mazauninsa ƙuryar ɗaki. Shekara da shekaru ba su taɓa haɗuwa ba.

Sai wata kaka suka haɗu. Ilu ya auna zakka ya ɗaure ya jingine. Ya jawo buhun baƙi zuwa zaure inda haske yake, ya sake musu gyaɗa, yana gama ɗaurewa aka aiko an yi rasuwa a bayan gari. Ya zura takalmi, ya leƙa ya ce wa Barira idan ƙanensa Suhaibu ya zo da babur, ya kai wa Goggo Sa'adiya zakkarta. Goggo Sa'adiya tsohuwa ce da mijinta ya rasu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da jikokinta.

Da ya dawo daga maƙabarta ya tarar da buhu ɗaya a zaure. Ya kwance shi don ya duba zaman baƙi, ya cusa hannu har gwiwar hannu. Gyaɗa. Ya cusa har kafaɗa. Gyaɗa.

“Barira! Wane buhu Suhaibu ya ɗauka?”

“Na zaure mana, Malam. Mai igiya.”

“Duka biyun masu igiya ne!”

Ta fito da rariya a hannu, ta dubi buhun, ta dubi fuskarsa. “Innalillahi. Malam, Jamilatu na ciki?”

Ya kira wayar Suhaibu, tana ta ƙara ba a ɗauka, don Suhaibu idan yana kan babur ko aradu ba ya ji. Keken Ilu kuma tayarsa a sace. Nan ya fara gudun da aka san shi da shi. Takalmi ɗaya ya bari a kwatar bakin masallaci, bai waiwaya ba.

A gidan Goggo ya tarar da surukarta tana hura wuta. Ta ce ai buhun ko sauke shi ba a yi ba. Goggo ta ce gobe kasuwa, tana son ta kwana da gyaɗarta a ɓare, ta hau bayan buhun suka wuce injin Ɗantala da ke kan hanyar Rogo.

Duk wanda ya san injin ɓare gyaɗa ya san ba ya tambayar abin da aka zuba masa. Ya taɓa cinye cokali, ya taɓa cinye carbin wani Alhaji. Ilu ya tsaya ya dafe bango, numfashi yana fita da ƙyar, sannan ya sake zabura. Wani mai amalanke ya ce ya hau, ya dubi shanun ya ga tafiyarsu, ya yi godiya ya wuce su da ƙafa. Masu zama a gindin bishiya suka tambayi lafiya, ya ce buhun zakkarsa yake bi. Ka ji inda sunan ya samo asali, da bakinsa ya raɗa wa kansa. Wasu suka taso suka bi bayansa don kada a ba su labari.

Tun daga nesa ya ji ƙugin injin. Da ya matso ya hango Ɗantala a tsaye kan dandamali, fuska a naɗe da tsumma saboda ƙura, ya rungume buhu mai igiyar rama a wuya yana tuttulawa. Ta ɗaya gefen ɓawo yana ta feshi, a cikinsa kuma wani siririn abu mai ruwan ƙasa yana tashi a iska, yana naɗe reshen darbejiya. Zaren kaset ne.

“Kashe! Ɗantala, kashe!”

Ɗantala bai ji ba. Suhaibu ne ya hango yayansa ba hula a kai, takalmi ɗaya a ƙafa, ya ruga ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, sai zaren da ke kaɗawa a reshe. Buhu ya kusa rabi. Ilu ya kai hannu zai kama shi, sai ga sandar Goggo a tsakaninsa da buhun.

“Ilu, ina za ka?”

“Goggo, ina wuni. Kuskure aka yi, ba wannan ne naki ba.”

“Lafiya lau. Wa ya aiko da shi?”

“Ni ne, amma…”

“Suhaibu, me ka ce mini da ka zo?”

Suhaibu ya sunkuyar da kai. “Na ce ga zakka in ji Yaya.”

“Na ce me?”

“Kin ce kin karɓa, Allah ya ƙara arziki.”

“To.” Ta gyara tsayuwa. “Ubanka bai taɓa bin zakka ba, Ilu. Ina ji da kunnena ana cewa wai ka zo ƙwace. A gaban mutanen nan za ka mayar da ni abin dariya? Ɗantala, tayar da injinka, ɗan nan.”

Ɗantala ya dubi Ilu, ya dubi Goggo, ya ɗora hannu a kan igiyar tayarwa. 'Yan kallo sun taru, wani yana cewa a kira liman. Ilu ya ce zai kawo mata buhu cikakke, har da ƙari. Ta ce ita ba ciniki ta zo ba. Ya ce kaset ne a ciki. Ta ce to kaset ɗin ma ta karɓa, a ɓare su tare.

Ilu mutum ne da ba ya ambaton mamacinsa a bainar jama'a, don muryarsa ba ta riƙe shi. Amma Ɗantala ya riga ya fara naɗe igiya. Sai ya durƙusa a cikin ɓawon gyaɗa ya ce, “Goggo, muryar Jamilatu ce a ciki. Ita ke nan, babu wata. Ban ma sani ba ko ita ce waccan a kan reshe.”

Sandar ta sauka a hankali. “Jamilatu ƙanwarka, 'yar Hansatu? Mai ba da waƙa a dandali?”

“Ita.”

“Kai, Ɗantala, cire hannunka daga igiyar nan kafin in karya shi. Wa ya ce ka tayar?”

Aka shimfiɗa tabarma aka juye sauran. Ilu yana tona gyaɗa, yana kwance leda ɗaya bayan ɗaya. Na Indiya. Na Indiya kuma. Wani na Hausa, ba shi ba. Masu dariya duk sun yi shiru, har wasu sun durƙusa suna taya tono. Tulin gyaɗa yana raguwa, ledoji suna ƙarewa, Ilu ya daina duban reshen. Goggo ce ta zazzage buhun da aka zaci ya ƙare, wata leda ta faɗo daga kusurwar gindinsa. Kaset ɗin Jamilatu ne, kwali mai ruwan ganye, gefe ɗaya a goge. Ilu ya karɓa da hannu biyu, ya juya baya ga jama'a ya daɗe a haka.

Injin ya cinye guda uku, cikinsu har da na mai fiyanon da bai karya ba. Goggo kuwa ba ta janye hukuncinta ba. Ta ce abin da ya shigo a buhun zakka nata ne, ajiya kawai take ba Ilu, da sharaɗin duk Juma'a bayan la'asar ya kawo mata kayanta ta ji. Har yau yana kaiwa, rikoda a hammata. Idan aka zo wurin nan na waƙa ta biyu, Goggo takan tsawata wa jikoki, ta tsawata wa kaji. Buhun baƙi kuma yanzu da jan ƙyalle Barira take ɗaure shi, ba ta yarda da Malam a kan wannan ba.

Kowace kaka sai an tayar da zancen. Bana ma a majalisar bakin masallaci Ɗantala ya ce, “Malam Ilu, an fitar da zakka kuwa? A faɗa mana da wuri mu share hanya, mu tanadi takalmi.”

Ilu ya bari aka gama dariya, ya gyara hularsa ya ce, “Ni ban taɓa bin zakka ba, ta je inda aka aike ta. Ƙanwata ce ta hau babur ba ta yi mini sallama ba, na je na dawo da ita gida.”