Hodar da Niƙ Ƙunsa Kamar Lalle

Bakin tashar kabu-kabu ta Bodinga, ni aka tsoro. Ba don ƙarhi ba, jikina kamar karan dawa shike. Bakina aka tsoro. Akwai wani abokin aikinmu mai manyan kunnuwa, kullum sai nic ce mai ya naɗe su kahin ya hau titi kada iska ta tashi da shi. Wani kau mashin nai ya tsuhwa, ina ce mai ya kai shi Makka ya huta. Su rama, in ƙara, a yi ta shewa har mai shayi ya ce mu matsa muna kore mai mutane.

Inda suka samu na ɗaya na, gemu. Nawa bai taɓa hitowa sosai ba, can tsiro nan tsiro, in na aske da reza kuma ƙuraje su taso. Sai wani yaro shagon aski ya ba ni hodar cire gashi cikin gwangwani, yac ce a dama da ruwa a shahwa, ba reza ba ƙurji. Akwai rubutun Turanci a jiki. Bokona bai yi nisa ba, nig gane “ruwa”, nig gane “huska”, nic ce sauran surutu na.

To mu abin da munka tashi muna gani gida, abin shahwawa kamar lalle shike. A shahwa, a ƙunsa, a daɗe, sannan ya kama. Nil laɓta hoda tun daga kunne har wuya, nin naɗe da ƙyallen da nike ruhe baki in ina tuƙi. Sai ga mai albasa zai kai buhu Shagari. Nic ce hau, kahin mu dawo ta kama da kyau.

Tun ba mu yi nisa ba nij ji zahi. Nic ce aiki takai. Muna isa Shagari huskata kamar an kihwa ta cikin murhu, mai albasa yana tambaya mi ka wari haka kamar ƙwai ya ruɓe. Bayan wani masallaci nik kwance ƙyallen. Gashi ya hita kam. Hwata ma ta biyo shi.

Daga nan kowa ya zama likita. Inna ta shahwa man man kaɗe. Maƙwabcinmu yac ce lemun tsami. Wani yac ce man goge baki, wani ruwan albasa, tunda ita muna da ita har ta yi yawa. Duk nig gwada. Da ɓawon ya bushe hannuna bai bar shi ba, ina ɓamɓara. Gyambon ya warke ya bar man baƙin tabo kamar gindin tukunya, ga ramuka ƙanana bisa haɓa. Nis sayo man bilicin, shi kuma ya haske gehen ya bar tsakiyar, nid dawo kala biyu.

Akwai wata malamar asibiti da nike kaiwa aiki Shagari. Wata sahiya tac ce, “Ƙanena, wanga ƙyalle ko barci da shi kake? Buɗe in gani.”

Nib buɗe. Ba ta yi salati ba, na gode mata.

“Mi da mi ka sa?”

Nil lissahwa. Tac ce, “Miya kake haɗawa ko magani? To daga yau ka bar komi. Ruwa mai tsabta da sabulun jarirai, sai basilin. Rana kada ta buge wurin. Reza ta haramta, almakashi kawai. Hannunka kuma ka ɗaure shi.” Tac ce baƙin zai disashe a hankali, amma ramukan sai likitan hwata cikin Sakkwato, shi ma ragewa zai yi.

Na bi maganatta. Damina ta shigo ta wuce ina cikin ƙyalle. Nid daina zama tasha, ina tsayawa can nesa ƙarƙashin wata dalbejiya in tari masu tahiya. Abinci ma sai in kai shi bayan shago in ci, baya ga titi. Daga inda nike ina jiyo shewassu. Wani lokaci in ga mai kunnuwan nan ya wuce, magana ta zo man har bakin leɓe, in haɗiye ta. Duk dare da rana abin da nike lissahi shi na sunan da za su laƙa man. Har na tanadi amsar kowa.

Da baƙin ya ragu, ran wata kasuwa nic cire ƙyallen nit tahi wurin mai shayi. Ina jiran mai kunnuwa ya hwara.

Ya dube ni ya kau da kai. “Sannu, abokina. Allah shi sawwaƙe.”

Mai tsohon mashin ya matsa man bisa benci. Mai shayi ya ƙara man madara ban tambaya ba. Nij jehwa wa mai kunnuwa tsohuwar maganata, ya yi murmushi kawai, bai rama ba. Kowa ya duƙa bisa kohinai. Tun daga rannan in na zo sai a sassauta murya, kamar an shigo gaisuwar mara lahiya. Ka tsokani mutum ya ce maka sannu, ina daɗin? Sai nid daina.

Ana haka Inna ta aike ni Lambara in kai wa kakata gero. Tsohuwa ta ƙwarai, idonta ya yi rauni, kuma tun ina yaro miji take ce man, irin wasan kaka da jika. Nid durƙusa ina gaisuwa, ta kamo haɓata tana shahwawa da yatsu.

“A'a! Mijin nawa, kaji sunka yi kiwo bisa huskakka?”

Nic ce, “Tsohuwa, ke da ba ki da haƙori ko ɗaya kike zaɓen miji?”

“Gwamma bakina da wagga haɓa taka. Ko dutsin niƙa ya hi ta santsi. Ba ni kuɗin sakina in tahi.”

“Wa zai kwashe ki? Ko kyauta anka kai ki kasuwa a dawo da ke.”

Ta kai man duka da mahuci, tana dariya har tari ya kama ta. Ni ma nig ga idona ya kawo ruwa, nic ce mata hayaƙin murhunta na.

Geron da anka ce in aje in juyo, sai da nik kai la'asar. Tasha har yau sannu suka ce man, ina amsawa. In Juma'a ta zo, ana sallame salla nike zuba mai in kama hanyar Lambara. Tun daga ƙohwar gida take jin ƙarar mashin, in ji ta tana hwaɗa wa jikokinta mata su ɓoye kajin.