Ɗan Lifidi da Maharbin Dutse

A shekarun da nake ɗinki a bakin kasuwar Dutsin-Ma, lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Allah ya haɗa ni da wani malamin gona, Kirista, mutumin duwatsun Filato. Wando ya kawo a rage masa, ya tarar muna dara a ƙasa bayan la'asar, ya tsuguna. Tun ranar muka shaƙu. Ba mu taɓa wasan caca ba, kuma da ladan ya ɗaga murya shi ke fara cewa, "Malam, tashi, ana kiranka."

Shi ya ce dara ta gundure shi, 'ya'yan kowa iri ɗaya. Mu mayar da ita yaƙi, kowa ya zo da mayaƙin kakanninsa. Muka ƙara gurabu. Dakaru tsakuwa ne da guntayen kara, gurbi ɗaya suke takawa, ka taka in taka. Na ɗauki ƙwallon goruba na ce ɗan lifidin Katsina ne, yana tsallake gurbi biyu. Shi ya ɗauki ƙwallon dabino ya ce maharbin dutse ne, yana kashe na nesa bai motsa ba.

Maharbin nan ya yi ta karkashe ni, har na rasa sukuni. Ina taka keken ɗinki, hankalina na kan gurabu. Ina cikin tasbihi sai goruba ta faɗo mini a rai, in yi istigfari in sake daga farko.

Na ce maharbi in ya harba sai ya huta zagaye ɗaya, ya ɗana wata kibiya. Ya yarda, ɗan lifidi ya shiga tattake shi. Ya ce to doki da lifidi nauyi gare shi, ba ya komawa baya. Na yarda, aka koma cina. Duk wanda ya kawo doka, sai ka ga nasa ta gyara.

Wata rana ya sa takalmi ya share gurabun.

"Malam, kai ne alƙali, kai ne mai ƙara. Dawakinku ba su taɓa hawa dutsenmu ba, sai a ƙofar shagonka za a ci mu?"

Na ce, "Haba Oga, kibiya ce ko bindigar soja, tana harbi ba hutu?"

Bai yi dariya ba. Ya tayar da babur ya tafi. Daga nan ya daina biyowa ta layinmu. Azumi ya shigo, ɗinki ya yi yawa, amma ko babur ɗin wa na ji sai na leƙa.

Ana jibi Sallah na kai wa yayana kayan yaransa Kurfi, na tarar suna watanda: sun haɗu sun yanka sa, ana kasa naman kashi-kashi. Kowa ya ba da tsinke mai alamarsa, sai an gama kasawa a kira wanda bai gani ba ya ɗora tsinkayen. Yayana ke kasawa. Na tsaya ina kallonsa yana ɗage tsoka daga nan ya mayar can, ya ja baya ya duba, ya sake, don bai san wanne zai faɗo masa ba. A motar komowa na ƙagu mu iso.

Ran Sallah na kai wa malamin gonan tuwo gidansa, goruba da dabino na aljihuna. Na ce mu fara yanke dokoki, sannan matarsa ta kife su a ƙoƙo biyu, kowa ya buɗe rabonsa.

"Ni in riƙe dokin da ya addabi kakannina?"

"In ka ci da shi, ai ganima ka ƙwato."

Ya tsuguna ya fara tona gurabu da yatsa. Da bakinsa ya ce maharbi ya riƙa hutawa. Da bakina na ce kada doki ya koma baya, kuma kada ya taɓa maharbin da ke layin gefe, don nan ne dutse.

Ya buɗe ƙoƙo: goruba.

Muka daɗe ba wanda ya rinjaya, har inuwa ta miƙe. Can ya kuskure gurbi, na harbe masa ɗan lifidi. Ya yi tsalle ya miƙe yana kiran matarsa.

"Zo ki ga mutanena! Ko a hannun tela sai sun ci!"

Ladan ya kira magariba. Ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Malam, tashi, ana kiranka. Gobe ni zan zo da ƙoƙunan."