Minti Goma Sha Ɗaya a Teburin Gaba

A gidanmu Zumbur ake ce mata, don tun tana ƙarama ba ta iya gama cin abinci a zaune. Da ta kai loma biyu sai ta miƙe ta je duba famfon da ita da kanta ta rufe. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har ta haifi uku halin bai sake ta ba. Mijinta yakan ce shi fanka ya aura, ga iska amma ba tsayawa.

Ta fara aiki ne a wani ɗakin gwajin jini, tana buga sakamako. Da yake duk kwamfutar da ta yi gardama ita ake kira, sai likitan da ke da wurin ya tura ta kwas. Ta dawo aka damƙa mata tsaron kwamfutoci talatin da biyu a rassa huɗu. Ofishinta wani lungu ne bayan firij ɗin ajiye jini. A allonta layuka ke gudu wuni guda: wace kwamfuta ta buɗe me, ƙarfe nawa, da umarnin wa. Ba wanda ya ce ta riƙa karanta su. Ita ce dai ba ta iya ƙyalewa.

Wata Talata da hantsi, ta ɗauko kofin shayi ke nan, idonta ya faɗa kan wani layi. Kwamfutar teburin gaba, inda ake rubuta sunayen masu zuwa gwaji, ta tashi wata ƙaramar manhaja da ake sayo kowace kwamfuta da ita. Aikinta duba takardun shaidar tsaro ne kawai. Amma ga shi an aike ta intanet, wani adireshi mai lambobi zalla, ta ɗauko fayil ta cusa a inda tarkace ke taruwa. Abin da ya aike ta kuwa wata takarda ce da aka buɗe daga imel. Manhajar riga-kafi, wadda aka sa don kama mugayen fayiloli, ko tari ba ta yi ba. 'Yar gida ta gani, ta ba ta hanya.

Da takalmi ɗaya ta iso teburin. Tsohuwar da ke zama a wurin, wadda kowa ke kira Iya, ta shekara ashirin a kujerar nan.

“Iya, ɗaga hannunki daga kan injin nan.”

“Ke, lafiyarki? Mutum goma sha bakwai ne a layi, wasu tun jiya ba su sa komai a baki ba!”

Yaya ta durƙusa. Ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta fizge wayar intanet, ta fito da yanar gizo-gizo a ɗankwali.

“Me kika buɗe ɗazu?”

“Takardar neman aiki ce wata ta aiko. Wani baƙin akwati ya ƙyafta a allo ya ɓace, na ce ko idona ne.”

Hayaniyar layi ta fito da likita, safar hannu a hannunsa. “Malama, riga-kafin da muka sa ya yi ƙara ne?”

“Bai yi ba, ranka ya daɗe, kuma ba zai yi ba. Ba da kayansu suka shigo mana ba. Namu suka ɗauka suka yi aikin.”

Ya dube ta, ya dubi layin. “Awa biyu na ba ki. Iya, koma wa biro da takarda.”

Fayil ɗin da sunan hoto ya zo, amma ba hoto ba ne. Har ya rubuta kansa cikin jerin ayyukan da kwamfutar ke tashi da su kowace safiya. Yaya ta bincika sauran rassa, ta tarar an buɗe wannan imel a ɗaya. Ta yi waya ta ce su cire wayar intanet, ba ta yarda sun cire ba, ta tare mota ta je ta gani da idonta. Duka kwamfutocin biyu ta wanke su tas ta sake zuba musu komai. Wani ƙwararre da aka aika wa fayil ɗin ya ce irin wanda ke kulle bayanan mutane ne, saura ƙiris ya fara aikinsa.

Daga ranar ta kafa doka: duk lokacin da ɗaya daga manhajojin gida ta leƙa waje ɗauko kaya, wayarta ta yi kuka. Makon farko sau arba'in take kuka a wuni, yawanci masu gyaran injinan gwaji ne ke aikinsu na halal. A kasuwa ta ajiye kwando ta duba, a taron iyayen yara ta fice ana tsakiyar magana. Wata guda tana tacewa kafin kukan ya dawo biyu ko uku. Ita kuwa Iya, kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta ba. Yanzu ko hoton jikarta aka aiko, sai ta ƙwala kira, “'Yar nan, zo ki duba min kafin in taɓa.”

Abin da ya hana Yaya sakat shi ne lissafin lokaci. Tsakanin shigowar fayil da fizge waya, minti goma sha ɗaya ne. Ƙwararren ya ce mai yiwuwa ba abin da ya fita. Ita wannan “mai yiwuwa” ɗin ce ke cinta. Ta buga layukan mintunan nan a takarda, tana yawo da su a jaka har sun fara yagewa a lanƙwasa.

Makon jiya na kai mata ziyara na tarar ta baza su a kan tabarma. Na ce, “Haba Yaya, wata takwas fa ke nan. Ki bar abin nan haka.”

Ba ta ɗago ba. “Sakamakon gwajin mutane ne, ƙanina. A ciki akwai wanda ko matarsa bai gaya wa ba.”